Turmin Bayan Shanya

Duk wanda ka tambaya a unguwarmu ta Ard al-Liwa, nan ƙasar Misirawa, game da Sharhabilu, abu biyu zai gaya maka: ya iya jita, kuma bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Bawwabin gidanmu, mai tsaron ƙofa, ya ce ranar da lasifika ta suɓuce wa Sharhabilu daga bene na uku ta faɗa cikin tukunyar wakensa, ko kallonsa bai yi ba. Washegari ya tarar da ledar mangwaro a ƙofar ɗakinsa. Mai askin layinmu ya ce shi ma mangwaro ya samu, bayan Sharhabilu ya kira shi makaho a gaban mutane. Wani ɗalibi ya rantse cewa tun suna Damagaram haka yake, sai dai a can dabino yake aikawa. Matan layin kuwa cewa suke, in ka ga Sharhabilu a gaban mai kayan marmari yana matsa mangwaro yana shinshinawa, kada ka tambaye shi lafiya, ka tambayi wa ya ɓata wa.

Ni ban cika sa baki a zancen ba, don tare muke kiɗa. Mu uku ne. Shi ke waƙa da jita. Hatim, Bahaushen Sudan daga Gadarif, shi ke kan ganguna. Ni kuma, Tanimu, ina riƙe da jita mai kaurin murya da ake kira bas. Sunan ƙungiyarmu Raƙuman Metro, kiɗanmu rok ne haɗe da salon jitar Agadas. Muna gwaji a saman gidanmu, can bisa bene na bakwai, kullum bayan la'asar, tsakanin tankunan ruwa da farantan dish.

A saman nan, wallahi mun iya. Masu kiwon tattabaru a rufin maƙwabta sukan bar tsaba a hannu su tsaya suna gyaɗa kai. Amma da zarar mun sauko da kayanmu mun je wani wuri, sai Hatim ya rikice. A wani biki a unguwar Dokki, waƙar minti shida muka gama ta a minti biyu, amarya ba ta ma ƙarasa miƙewa don rawa ba. A wani wurin kuma ya ja kiɗan ya ja, har Sharhabilu ya riƙe baƙi ɗaya numfashinsa ya ƙare, wani dattijo a layin gaba ya yi barci.

"Ya zol, kujerar ce," in ji Hatim, don haka 'yan Sudan ke cewa "mutumina". Kujerarsa bokitin fenti ne da aka kife. Muka riƙa tafiya da bokitin, ba abin da ya sake. Ya ce to ƙasan wurin ce, muka ɗauki bulo ɗaya daga saman muka sa masa ƙarƙashin ƙafa. Ya ce wataƙila tattabarun ne. Muka ari tattabara guda a kwali muka shiga motar haya ta mikrobas da ita, ta kuɓuce a zauren biki ta sauka kan hular ango. Daga nan Sharhabilu ya yanke hukunci cewa aljanun saman ne ke son kiɗa, kuma ba sa son shiga mota.

Ni na san dalilin.

A ɗaya gefen saman, bayan igiyoyin shanya, akwai Halimatussa'adiya. 'Yar Maraɗi ce, ta haura hamsin, ita ke yi wa ɗalibai da 'yan kasuwarmu fura. Turminta daga gida ta zo da shi, naɗe cikin bargo kamar jinjiri. Ba ta yarda a rage mata suna. Ka ce Halima, ba za ta juyo ba. Ka ce Sa'adiya, sai ka ce da tanki kake. Mai taya ta daka ita ce Tagwa, matar Hatim. Kullum bayan la'asar su ma suke farawa, kuma ba daka kawai suke yi ba, lugude suke: wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, a jefa ta sama a tafa a cafe, a ɗan ƙwanƙwasa bakin turmi a koma. Bugun bai taɓa sauri ba, bai taɓa ja da baya ba. Ƙafar Hatim shi take bi. Shekara uku yana bin taɓaryar matarsa bai sani ba.

Ban faɗa ba, don ba wanda ya tambaye ni. A ƙungiyarmu ba a tambayar mai bas.

Wata Asabar aka kira mu Wustul Balad, wato tsakiyar gari, ofishin wata Bamisriya, Madam Eman, mai shirya taron kiɗa na yini guda duk shekara. Shekara biyu Sharhabilu na neman a sa mu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau.

"Bara ƙungiya goma sha ɗaya suka hau dandamalina," ta ce. "Maza hamsin da uku, mace ɗaya. Ita ma ruwa ta kai wa mai ganga. Bana duk ƙungiyar da babu mace mai kiɗa a cikinta, ta yi zamanta a gida. Kuna da ita?"

"Muna da ita," in ji Sharhabilu, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Tamam. Ranar Alhamis bayan la'asar zan zo in ji ku."

A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Hatim ya ce, "Ya zol, wace ce muke da ita?"

Sharhabilu ya ce, "Abu mai sauƙi kake mai da shi babba. Ga tsohuwar jitata can. A cire mata waya, a rataya wa wata, ta tsaya a baya tana rangaji. Khalas, shi ke nan."

Ran Lahadi ya sunkuya ta ƙarƙashin shanya, mu biyu muna bayansa. Matan gidan huɗu na wurin suna kwashe kaya daga igiya, mai tattabaru na leƙe daga nasa rufin.

"Hajiya Halima, sannu da aiki."

Daka ya ci gaba.

"Hajiya Sa'adiya."

Taɓarya ta tashi sama, aka tafa, aka cafe.

"Hajiya Halimatussa'adiya."

Ta jingine taɓarya. "Na'am, ɗan Damagaram. Yau an tuna da maƙwabta?"

Ya zayyana mata komai: zauren, fitilun, mutane ɗari biyar, har da masu ɗaukar hoto.

"To me zan kaɗa?"

"Ba komai, Hajiya. Ai shi ne daɗin abin. Ki riƙe jita kawai, ba ta da waya. Ko kin taɓa, ba mai ji."

"A takardar da za a manna a bango, me za a rubuta?"

"Raƙuman Metro. Sharhabilu, Hatim, Tanimu, da wata mata."

"Wata mata."

"Sunan naki ne, Hajiya. Sai an ƙaro takarda ta biyu."

Tagwa ta yi dariya ta hanci. Hatim ya ɗaga kai yana ƙirga tattabaru.

"Ɗan nan," in ji Halimatussa'adiya, "ni ban saba riƙe abin da ba ya aiki ba. Ko marigayi maigidana, Allah ya ji ƙansa, sai da ya nemi sana'a."

Matan shanya suka fashe da dariya. Dariyar ce ta ɓata komai, don Sharhabilu ba ya jure a yi dariya ba shi ya ba da labarin ba. Ya ɗaga murya.

"To in ba za ki taimaka ba, ki rage mana ɓarna. Shekara uku muna fama da wannan bugun naku, dum-dum, dum-dum, daidai lokacin da muke aiki. Ku mata ba ku da kunnen kiɗa. Da kuna da shi, da kun san ɓata mana kuke yi."

Na so in yi tari ko wani abu, amma kafin in shirya ya riga ya gama.

Ta dube shi, ta dubi turmi. "Tamam," ta ce. Ta kwashe geronta, ta ja bargo ta lulluɓe turmin, suka sauka ita da Tagwa.

Ran Litinin saman ya yi tsit. Sharhabilu ya miƙe hannuwa ya ce, "Kun ji? Yau za mu ji kanmu."

Muka ji kanmu kuwa. Hatim ya ƙirga huɗu ya fara, kafin baiti na biyu ya ɓace. Daga tagar bene na huɗu injin markaɗe ya tashi, don Halimatussa'adiya ta aro na maƙwabciya, Hatim ya bi injin da gudu har sanda ɗaya ta tashi ta faɗa tanki. Injin ya tsaya, shi ma ya tsaya. Can ƙasa mai sayar da gas ya shigo layi yana buga sifana a jikin tukunya, Hatim ya bi shi, bugu uku da hutu, bugu biyar da hutu, har mutumin ya sha kwana. Mai tattabaru ya kaɗa tsuntsayensa cikin keji ya rufe, kamar mai kare su daga wani abu.

"Aljanun sun tashi," in ji Sharhabilu. "Wani ya yi musu rashin kunya."

Ran Talata abin ya fi muni. Hatim ya ajiye sanduna, ya share gumi, ya juyo wurina.

"Ya Tanimu, kai da ba ka magana sai saurare, don Allah me ka ji?"

Tunda an tambaye ni, na faɗa. Na nuna musu turmin da ke lulluɓe, na buga luguden da tafin hannu a cinyata. Ban kai bugu takwas ba ƙafar Hatim ta kama da kanta, dum, dum, daidai wa daida. Ya sunkuya yana kallonta kamar ƙafar wani ce.

"Tagwa?" ya ce. "Tagwa tawa? Wadda nake ce wa ta rage ƙarar cokali in ina tunanin kiɗa?"

"Ita ce ta biyu. Hajiya ce ke ja."

"Tun yaushe ka sani?" in ji Sharhabilu.

"Tun kafin tattabara."

"Ka bar mu muka shiga mikrobas da tattabara?"

"Kun riga kun sa ta a kwali."

Sharhabilu ya miƙe. Ya jingine jita ya sauka. Muka leƙa ta katangar saman, can muka hango shi a gaban mai kayan marmari yana matsa mangwaro.

Halimatussa'adiya tana da sabat, kwandon nan da ake zurowa da igiya daga baranda in ana son sayen abu ba sai an sauko ba. Sharhabilu ya zuba mangwaron a ciki ya girgiza igiya ya koma gefe. Kwando ya hau. Bayan kamar awa guda ya sauko, ciki ƙwallayen mangwaro ne, an tsotse su tas an wanke an jera. Ran Laraba da safe ya ƙara, har da gwaiba. Kwando ya hau, ya sauko da ƙwallaye, Tagwa ta leƙo daga baranda.

"Inna ta ce mangwaron na da zaƙi, Allah ya saka!"

"To za ta hau yau?"

"Ta ce a gaban mutane aka faɗa!"

"Me ke nan?"

"Ta ce kai mai kunne ne, za ka gane!"

Da yamma ya gwada wasu dabarun. Ya kunna wa Hatim bugun agogo daga waya, tik, tik. Hatim ya ce wannan kamar famfo ne mai ɗiga, kuma yana sa shi jin fitsari. Sharhabilu ya ɗauko sandar mofa ta goge ƙasa da bokiti ya ce shi zai yi dakan, abin da mata ke yi ai ba gagara zai yi ba. Ya jefa sandar sama don ya tafa, ta dawo ta same shi a goshi. Ya zauna yana riƙe da wurin, yana kallona, irin kallon da ban so ba.

"Tanimu, kai ba ka magana. In aka sa maka niƙabi da doguwar riga baƙa, wa zai sani?"

"A'a," na ce.

"Don ƙungiya fa."

"Takalmina lamba arba'in da biyar ne."

"Sai ka tsaya bayan lasifika."

"To wa zai riƙe bas?"

Nan dabarar ta mutu. Hatim ya ce, "Ya zol, kalma nawa ce? Ka je ka ce mata ka yi kuskure."

"Na aika mangwaro sau biyu."

"Mangwaro ba ya magana."

"Kowa na gane shi. Ita ce dai ta ƙi."

Ran Alhamis labari ya riga ya gama layi. Kafin la'asar saman ya cika: matan shanya, ɗalibai masu jiran fura, mai aski da tawul a kafaɗa, har bawwab ya bar ƙofa ya hau. Madam Eman ta iso tana haki, don gidanmu ba shi da asansir, na'urar hawa bene, ta zauna kan bulon Hatim ta buɗe littafinta. A bayan igiyoyi na hango an yaye bargo. Turmi na nan da jiƙaƙƙen gero a ciki, Halimatussa'adiya da Tagwa na zaune, kowacce da taɓarya a kan cinya, suna hira kamar ba abin da ya dame su.

"Ina mai kiɗan taku?" in ji Madam Eman.

"Tana shiri," in ji Sharhabilu. "Kin san mata da shiri."

"Na sani. Ni ma mace ce, ga ni na iso. Yalla."

Muka fara. Ba zan tsawaita ba. Hatim ya riƙe baiti ɗaya da ƙyar, idonsa a rufe, leɓensa na ƙirga. Sai Allah ya kawo mai gas. Daga nan ni ina waƙa ɗaya, Sharhabilu na wata, Hatim na can ƙasa yana tallan gas. Madam Eman ta rufe littafi ta miƙe tana kakkaɓe siket.

"Ma'alish, sai haƙuri, ya ustaz. Ba mace, kuma ba kiɗa. Da ɗaya ne ya ɓace, da mun yi magana."

A lokacin ne muryar Halimatussa'adiya ta fito daga bayan shanya, ba da mu take ba. "Tagwa, geron nan zai bushe. Tashi."

Dum. Dum. Tafi, dum.

Ƙafar Hatim ta kama kafin shi ya ankara. Na shiga da bas a kan bugu na huɗu. Sharhabilu ya tsaya kamar zai yi gardama, amma yatsunsa ba su jira shi ba. Yau da suka san ana saurare, matan suka ƙara abin da ban taɓa ji ba: Tagwa na yanka tsakanin bugu, Hajiya na jefa taɓarya har ta wuce igiya, ta tafa sau biyu, ta cafe ba ta duba ba. Ɗalibai suka fara tafi. Madam Eman ta bi sautin ta kutsa cikin shanya, wani jiƙaƙƙen wando ya mare ta a fuska, ta ture shi ta wuce.

Ana tsakiyar amshi, wurin da waƙar ta fi daɗi, taɓare biyu suka tsaya cak. Hatim ya yi bugu uku a iska ya zame daga kan bokiti.

"Wannan nake so," in ji Madam Eman. "Wannan! A gaba, ba a baya ba, da makirfo biyu a bakin turmin. Ya Hajja, sunanki?"

"Halimatussa'adiya."

Ta rubuta, layi ya ƙare, ta gangara na ƙasa ta ƙarasa. Ta rubuta na Tagwa. Ta juyo wurin Sharhabilu. "Da su, kun shiga. Ba su, khalas."

"Ai ni ban ce zan je ba, Madam," in ji Halimatussa'adiya. "Wannan ba kiɗa ba ne, ɓarna ce. Tambayi ustaz, shi ne masani."

Kowa ya juya. Sharhabilu ya dubi katanga, ta wajen da ake hango mai kayan marmari.

"Ya rufe," in ji bawwab. "Ni na ce ya rufe."

Sharhabilu ya tako a hankali, jita na lilo a wuyansa, ƙullutun sandar mofa na sheƙi a goshinsa. Ya tsaya gaban turmi ya motsa baki. Wani abu ya fito, amma ko ni da ke kusa ban kama ba.

"Ban ji ba, ɗan Damagaram. Ka manta ba ni da kunne?"

Ya sake motsa baki. Mai aski ya kara hannu a kunne. Na je na murɗa lasifika har ƙarshe, na jawo makirfo da wayarsa ta ƙarƙashin zannuwa, na sa masa a hannu. Halimatussa'adiya ta ɗaga taɓarya ta riƙe ta a sama, Tagwa ma haka, Hatim ya koma kan bokiti ya ɗaga sanduna. A rufin maƙwabta mutane sun jeru. Sharhabilu ya share maƙogwaro, ƙarar ta tayar da tattabaru har layi uku.

"Hajiya Halimatussa'adiya," ya ce. "Da ke da Tagwa. Shekara uku ku ke riƙe da mu, ni ne ban ji ba. Abin da na faɗa ran Lahadi ƙarya ne, kuma rashin kunya ne. Na yi laifi. Don girman Allah ku yi haƙuri, ku yafe mini."